Daruma, Mage Mai Yafito, Kokeshi ko Sarubobo: Wace 'Yar Tsanar Japan Za Ka Saya?

Duk wanda ya taɓa zuwa Japan, ko karatu ne ya kai shi ko neman motoci da kayan gyara, ya san tsayuwar nan da ake yi a gaban kanti ana saura kwana biyu a koma gida. Ga wani jan dunƙule mai gemu da fararen idanu, ga mage ta ɗaga hannu, ga wata doguwar 'yar tsana ta katako ba hannu ba ƙafa, ga wata ja ta ƙyalle da ko fuska ba ta da ita. Mai kanti zai ce maka duk na sa'a ne. A wurinsu haka ne, amma kowace da irin sa'ar da take kira, kuma ba kowace ake ba kowa ba. Wanda ya kai wa ɗalibi mai shirin jarrabawa magen kiran masu saye, ba wanda zai ce masa uffan, don Japanawa ba sa kunyata baƙo. Za a yi godiya, a sunkuya, a ajiye ta a inda ba za a sake ganinta ba.

Ma'aunin da za mu bi

Abu na farko shi ne ma'ana: daga ina abin ya samo asali, kuma me yake faɗa wa wanda aka ba. A nan ne maganar addini take shigowa, kuma ga Bahaushe ba ƙaramar magana ba ce. Wasu daga cikin 'yan tsanan nan daga wurin bautar mabiya Buda suka fito kai tsaye, wasu kuwa kayan wasan yara ne da suka zama tsaraba. Malamai sun yi magana mai yawa a kan ajiye mutum-mutumi a gida da kuma rataya abu don neman sa'a ko tsari, kamar yadda da yawansu suka sassauta a kan 'yar tsanar wasan yara. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Nawa shi ne in faɗi asalin kowace ɗaya tsakani da Allah, mai tambaya ya san abin da zai kai wa malaminsa.

Na biyu, wa za a ba, kuma ina za ta zauna: teburin farfesan da ya duba maka aikin digiri a Osaka, ko falonka a Kano. Sai kuɗi. Sai ƙarko, wanda nake auna shi da yanayinmu, da hunturunmu da laimar daminarmu, saboda abin da ya shekara talatin a kan kanta a Japan yana iya tsagewa a wata uku a Sakkwato. Sai sauƙin ɗauka a akwati. Na ƙarshe shi ne inda ake yin kuskure.

Daruma

Da shi zan fara, kuma a kansa zan fi daɗewa, don ya fi sauran labari. Sunan daga Bodhidharma ne, malamin addinin Buda da ya je Sin wajen ƙarni na 5 zuwa na 6, wanda ake jingina masa kafa ɗariƙar da Japanawa ke kira Zen. Labarin da ake bayarwa shi ne ya zauna yana fuskantar bango shekara tara bai motsa ba, har hannuwa da ƙafafu suka mutu suka zube. Shi ya sa daruma ba shi da gaɓa ko ɗaya: kai ne da ciki a dunƙule.

In ka ɗauke shi a hannu za ka yi mamakin rashin nauyinsa. Takarda ce aka jiƙa aka manna, cikinsa holoƙo, sai ɗan dunƙulen yumɓu a gindi. Ka tura shi da yatsa, ya yi tangaɗi ya dawo ya tsaya. Wannan tashin shi ne ma'anarsa, kuma suna da karin magana a kai, "nana korobi ya oki", wato faɗuwa bakwai, tashi takwas. Ka duba fuskar da kyau: a irin na garin Takasaki, girar ido zanen tsuntsun nan ne mai dogon wuya, ɗan'uwan gauraka, gemun kuma zanen kunkuru. A faɗarsu tsuntsun yana shekara dubu, kunkuru dubu goma, don haka fatan tsawon rai ne aka ɓoye a cikin gashin fuska. Jan launin ma da dalilinsa: a zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, an yi imani cewa ja yana korar cutar agana, har akan ajiye jajayen abubuwa kusa da yaron da ya kamu.

Takasaki, a lardin Gunma da ke arewa maso yammacin Tokyo, shi ne uwa ma ba da mama a wannan sana'a. Kusan kashi 80 cikin 100 na daruman Japan can ake yin su. Ana danganta farkon sana'ar da wurin bauta na Shorinzan, bayan yunwar da ta biyo bayan aman wutar dutsen Asama a 1783, lokacin da limamin wurin ya koya wa manoma yin daruman takarda su riƙa sayarwa su sami na hatsi. Busasshiyar iskar da ke kaɗawa a yankin lokacin sanyi tana shanya takarda da fenti da sauri. Masu kiwon tsutsar siliki, waɗanda suka yi yawa a Gunma, su ne suka fara rububinsa. Har yau a farkon watan Janairu ana cin kasuwar daruma a garin.

Ana sayar da shi da idanu farare fat. Mai shi zai ƙudurta buri guda, ya ɗauki tawada ya zana ƙwayar ido ɗaya, galibi idon hagun daruman, wato wanda ke damanka in kana kallonsa. Sai ya ajiye shi inda zai riƙa ganinsa kullum, ido ɗaya yana harararsa kamar mai bin bashi. Ranar da buri ya cika, a zana na biyu. 'Yan siyasar Japan sun daɗe suna cike idon wani ƙaton daruma a daren da aka ce sun ci zaɓe, ko da yake yanzu abin ya ragu.

Ga inda baƙi ke kuskure: daruma ba kayan adon dindindin ba ne. Wa'adinsa shekara guda. In shekara ta zagayo ana mai da shi wurin bauta a ƙone shi tare da na sauran jama'a, a sayi sabo, sau da yawa wanda ya ɗan fi na bara girma. Kuma kada ka zana ido kafin ka ba mutum. Burin nasa ne, ba naka ba.

Kuɗinsa ba ya tayar da hankali. Ƙarami mai girman lemo ba ya kai yen 1,000, matsakaici 'yan dubbai, manyan da kamfanoni ke saya su ne ke haura dubu goma. A akwati kuwa yana da wahalar sha'ani: ba nauyi, amma yana cin wuri, kuma in takalmi ya danne shi ya lotsa, ba gyara. Laimar damina tana sa takardar ta yi laushi, kyankyasai kuma suna son abin da aka manna da shi. Ta fuskar addini, shi ne ya fi kowa fitowa fili: siffar malamin Buda ce, kuma a wurin bauta rayuwarsa take ƙarewa.

Mage mai yafito

Sunanta maneki-neko, ma'ana mage mai kira. Turawa da yawa suna ɗauka ban kwana take yi, saboda su in za su kira mutum tafin hannu sama suke juyawa. Bahaushe ba ya buƙatar bayani: tafin hannu ƙasa, yatsu suna lanƙwasowa, yafito ne irin namu sak. Wasu kuma suna zaton 'yar Sin ce don sun saba ganinta a shagunan 'yan Sin. Haifaffiyar Japan ce, daga ƙarshen zamanin Edo.

Wurare biyu a Tokyo ke jayayya a kan mahaifarta. Wurin bauta na Gotokuji, a unguwar Setagaya, yana ba da labarin wani basarake, Ii Naotaka na Hikone, a ƙarni na 17, wanda wata mage ta yafito shi ya shiga ciki, shigarsa ke da wuya aka kece da ruwa da tsawa. Ya ji daɗin tsira, ya zama majiɓincin wurin. Wanda ya je Gotokuji yau zai tarar da fararen maguna jere a kan kantoci, manya da ƙanana, ba su ƙirguwa, waɗanda mutane suka dawo da su bayan bukata ta biya. Ɗaya labarin daga Imado ne, kusa da Asakusa: wata tsohuwa ce talauci ya sa ta rabu da magenta, magen ta zo mata a mafarki ta ce ta gina siffarta da yumɓu ta sayar, ta gwada, kasuwa ta buɗe.

Hannun da ta ɗaga shi ne saƙon. Na dama kuɗi yake kira, na hagu mutane, wato masu saye, shi ya sa na hagun ya fi yawa a ƙofar gidajen abinci. Abin da ta rungume a ciki tsohon kuɗin zinariya ne mai siffar ƙwai, koban, kuma sau da yawa an rubuta masa adadin da ba ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe irinsa, ryo miliyan goma. Magen Gotokuji kuwa ba ta riƙe da kuɗi ko kaɗan. A cewarsu dama take kawowa, abin da ka yi da damar ya rage naka. Ni wannan ta fi burge ni.

Ta gaske ta tangaran ce, kuma garin Tokoname a lardin Aichi shi ne ya yi suna da ita, sai Seto a lardin guda. Wanda harkar motoci ta kai shi Nagoya yana kusa, don filin jirgin saman Chubu ma a cikin Tokoname yake. Farashi ya faro daga 'yan ƙananan shagon yen ɗari har zuwa aikin hannu na dubbai masu yawa. Ta robar nan mai kaɗa hannu da batir ko hasken rana abin wasa ce. Kada ka kai wa Bajapane ita a matsayin kyautar buɗe shago.

A ƙarko ba ta da na biyu a ƙasarmu. Ba ruwanta da hunturu, ba ruwanta da gara, in ta yi ƙura a goge da tsumma. Abokin gabanta ɗaya ne, faɗuwa, kuma hannun da ta ɗaga da kunnuwa su ke fara karyewa. A naɗe ta cikin riguna a tsakiyar akwati, ko a riƙe ta a jakar hannu. Ba siffar abin bauta ba ce, amma aikinta kacokan jawo arziki ne, kuma wannan shi ne ainihin abin da mai taka-tsantsan da camfi yake gudu.

Kokeshi

Wannan ita ce zaɓina, in faɗi tun yanzu. Daga yankin Tohoku take, arewacin babban tsibirin Japan, ƙasar duwatsu da dusar ƙanƙara da maɓuɓɓugan ruwan zafi irin na Wikki a Yankari, sai dai su an gina garuruwa a kansu. A farkon ƙarni na 19, masassaƙan da ke yin akusa da faranti a kan injin juya katako suka fara amfani da guntayen da suka rage suna yin 'yan tsana, suna sayar wa manoman da ke zuwa wankan ruwan zafi bayan an gama aikin gona. Manomi ya saya ya kai wa yara tsaraba. Asalinta ke nan: tsaraba ce tun ran gini. Daga baya ne aka riƙa jingina mata fatan lafiyar yara da albarkar amfanin gona.

Akwai maganar da ke yawo a intanet cewa wai sunan yana nufin "shafe yaro", wai don tunawa da jariran da aka kashe lokacin yunwa ake yin ta. Masana tarihin sana'ar ba su karɓi wannan ba. Fassara ce da aka ƙaƙaba wa sunan daga baya.

Ana lissafa gidajen sana'ar gargajiya goma sha ɗaya ko sha biyu, kowane da siffar kai da zanen jikinsa, ɗa ya gada wurin uba ko almajiri wurin maigida. Na Naruko, a lardin Miyagi, ana cusa wuyan ne a cikin jiki yadda in ka murɗa kan sai ya yi ƙara "ƙii-ƙii", kamar kukan jariri. Na Tsuchiyu, a Fukushima, siririya ce mai zobban launi a jiki da baƙin zobe a tsakiyar ka. Ka juya gindinta ko bayanta, za ka ga sa hannun wanda ya yi ta. In babu, to wataƙila ta masana'anta ce. Akwai kuma na zamani da aka fara bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu gashi da rigar gargajiya ta kimono da ƙyalli, waɗanda suka cika shagunan filin jirgi. Ba laifi gare su, amma ba su ne na gado ba.

Ta gargajiya mai tsawon tafin hannu ko fiye kaɗan takan kama daga yen dubu ɗaya da wani abu zuwa dubu biyar. Ta fitaccen masassaƙi ko tsohuwa ta fi haka nesa. A akwati ba ta da matsala, sai ka tura ta cikin safa. Matsalarta a gida take. Katako ne da ya saba da ƙasa mai laima, kuma hunturu mai tsaga leɓe da dunduniya ba zai bar shi ba in an ajiye shi a fili. Rana tana cinye launin, kore da shuɗi su fara tafiya. Jiƙaƙƙen hannu kuma yana dama fentin nan take, don haka ba a wanke ta, ba a ba yaro mai yawu. Kabad mai gilashi, nesa da taga, shi ne wurinta. Cikin huɗun nan ita ce ta fi nisa da wurin bauta.

Sarubobo

Ta garin Takayama ce, a yankin Hida na lardin Gifu. Sunan a harshen yankin yana nufin jaririn biri. Kakanni mata ne ke ɗinka ta da guntun ƙyalle su ba jikoki, ko uwa ta ba 'yarta da fatan zaman aure lafiya da sauka lafiya. Ja ce, da baƙin ɗankwali, hannuwa da ƙafafu a baje masu tsini, fuska kuwa sumul, ba ido ba baki. Akwai wasan kalmomi a ciki: "saru" biri ne, kuma yana nufin tafiya, wato masifa ta tafi.

Araha ce, ƙananan na maƙalawa a makulli 'yan ɗaruruwan yen ne, ba ta fashewa, ashirin ma sa shiga aljihun jaka. Ƙura ce kawai ke dusashe ta. Rashin fuskar yana kwantar wa wasu da hankali, amma a sani cewa a wurin masu ita laya ce, har akan haɗa ta da 'yar jakar addu'a irin ta wuraren bautarsu.

Wadda ba taka ba ce

Za ka ga 'yan tsanan hina a manyan kantuna daga watan Janairu, sarki da sarauniya da fadawa cikin tufafin siliki a kan matakala ja, cikakken jeri hawa bakwai mutum goma sha biyar. Na bikin 'yan mata ne na ranar 3 ga Maris, kuma bisa al'ada dangin uwa ne ke saya wa jaririya, kusan yadda gara take fitowa daga gidan su amarya a wurinmu. Kuɗinsu daga dubun dubatar yen ne zuwa sama. Baƙo ba ya kai su kyauta. Ka kalla, ka ɗauki hoto, ka wuce.

A taƙaice

| | Daruma | Maneki-neko | Kokeshi | Sarubobo |
|---|---|---|---|---|
| Inda ta yi suna | Takasaki, Gunma | Tokyo. Tokoname, Aichi | Tohoku | Takayama, Gifu |
| Da me ake yi | takarda | tangaran | katako | ƙyalle |
| Saƙonta | naci, cikar buri | kuɗi da masu saye | tsaraba, lafiyar yara | aure, haihuwa, tsari |
| Kuɗi | araha zuwa matsakaici | kowane mataki | matsakaici | araha ƙwarai |
| Ƙarko a ƙasarmu | laima na lalata shi | mai kyau, in ba ta faɗi ba | hunturu da rana na cutar ta | mai kyau |
| A akwati | yana lotsewa, yana cin wuri | tana fashewa, da nauyi | sauƙi | sauƙi ƙwarai |
| Kusanci da bauta | sosai | camfin arziki | kaɗan | laya ce |

Wa ya dace da wace

In abokinka Bajapane ne ke fuskantar jarrabawa, ko kare kundin digiri, ko ya fara wani aiki mai wuya, ba shi daruma matsakaici da idanunsa biyu farare. Zai gane saƙon ba sai ka yi magana ba.

In abokin cinikinka ne ya buɗe sabon shago ko ofis, mage ta tangaran, hannun hagu in wurin shigar jama'a ne, na dama in ofishin da ake ƙirga kuɗi ne. Ka tambayi mai kanti ya naɗe maka ita da takardar kyauta, don a Japan naɗin rabin kyautar ne.

In maƙwabciyarka a can tana da juna biyu, ko 'yar maigidan da ka zauna a wurinsa za ta yi aure, sarubobo ja ta wadatar, ko da ƙarama ce.

In tsarabar gida kake nema ga mutum ɗaya mai daraja, wanda ya san darajar aikin hannu kuma yana da kabad mai gilashi, kokeshi ta gargajiya mai sa hannu. In kuwa mutane ashirin ne ke jiranka a filin jirgi, kuɗi kuma sun ja baya, sarubobo ce mai fitar da kai kunya, muddin ka san gidajen da za ka kai ba za su ɗaga gira ba.

Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da ko ɗaya ba, kada ya tilasta wa kansa. Masassaƙan Naruko da ke juya kokeshi jikokin masu yin akushi ne, kuma har yau a garin ana sayar da kwanonin katako masu jan fenti mai sheƙi. A Tokoname ma, kafin mage, tukwanen shayi na jan yumɓu ne suka fitar da sunan garin, kuma ɗaya daga cikinsu zai shiga jakar hannu ya bar wa alewar yara wuri.